Wurare Bakwai Kafin Jirgin Ƙarfe Shida

In ka ji ƙanena Fortuné yana zuba a bakin shagona, sai ka rantse shi ya jera garuruwan gaɓar tekun nan da hannunsa, tun daga Cannes har Menton. Alhali shekara talatin da biyar ya yi yana raba wasiƙu a tsohon garin Nice, cikin lunguna goma sha ɗaya, ba ƙari ba ragi. Amma ka tambaye shi wani wuri, kai, ko ba ka tambaye shi ba ma, zai dafa ƙirji ya ce, "Ni? Babu dutsen da ban sani ba a ƙasar nan."

Ni ce yayarsa, Réparate, mai sayar da socca, wainar nan tamu ta garin wake, a bayan kasuwar furanni. Ni na goya shi, don haka na san iyakar inda ƙafarsa ta taɓa kaiwa. Wuraren nan da baƙi suke tsallako duniya don su gani, bai taɓa taka ko ɗaya ba. Kuma ba shi kaɗai ba ne, haka muke duk 'yan garin. Wa zai je ya bi layi cikin rana don ya kalli abin da yake bayan gidansa? Ni kaina, rabona da hawa dutsen da ake harba igwar sha biyun rana tun ina 'yar makaranta. Bambancin kawai, mu ba ma cika baki.

Shekara tara da rasuwar matarsa, sai ga wata mata daga can arewa, garin Roubaix, ta zo hutun mako uku. Sunanta Madam Ghislaine, mijinta ya rasu, ba ta da yawan magana. Kullum sai ta zo ta sayi socca ta zauna a bencina, Fortuné kuma ya matso da kujerarsa yana cika mata kunne. Ana jibi za ta koma ya yi ta maza ya ce yana son aurenta. Ta dube shi tsaf, ta ce, "Malam Fortuné, jirgina zai tashi jibi da ƙarfe shida da minti ashirin na yamma. A tashar jirgin ƙasa zan ba ka amsa."

Mai hankali da sai ya sayi furanni ya jira. Ƙanena kuwa ya zo washegari da tsohon ambulan, ya rubuta jeri a bayansa, ya tsaya a tsakiyar lungu yana karanta wa duk mai kunne.

"Turaren garin Grasse. Jar dardumar Cannes, inda taurarin fim suke hawa. Ganuwar Antibes. Ƙauyen Èze da yake kan tsauni. Fadar Monaco. Lemun Menton. Sai mu rufe da dutsen igwa. Bakwai, a yini ɗaya! Kafin ta hau jirgin nan za ta san irin mutumin da ya nemi aurenta."

Baptistin mai kifi, wanda muke kira Titin, abokin adawarsa a wasan jifan ƙwallon ƙarfe tun suna samari, ya ajiye wuƙarsa ya goge hannu.

"Gobe fa sha biyar ga Agusta, ranar hutu. A mota za ku?"

"A mota."

"Mutumina, gobe ko motar asibiti sai ta yi haƙuri a hanyar nan. Ku hau jirgin ƙasa mana."

"Jirgi na waɗanda ba su san hanya ba ne."

"To abincin rana fa?"

"Babu zama. A cikin mota za mu ci, muna tafiya."

Lungu ya ɗauki dariya. Titin ya ce, "Kai? Ranar da ka ji igwa ba ka zauna a tebur ba, ni kuma zan aske gashin bakina."

Ni aka ɗora wa rakiya da kwandon burodi mai kifi da tumatir. Na yarda ne kawai saboda na san ƙanena. Yana son matar nan da gaske, kuma na gaji da ganinsa yana cin abincin yamma shi kaɗai.

Ƙarfe bakwai na safe muka tashi a tsohuwar motarsa, wadda ya saya a gwanjo daga wurin aikinsa, har yanzu da fentinta ruwan ɗorawa na masu raba wasiƙu. Ya cusa akwatin Madam a baya, wai don mu wuce da ita tasha kai tsaye. Ba mu yi minti goma ba muka shiga cunkoso. Kamar duk ƙasar Faransa ce ta fito da yara da karnuka da lema. Fortuné ya yi murmushi, ya murza sitiyari ya shiga wata 'yar hanya mai hawa tudu.

"Yanke ke nan. Baƙi ba su san ta ba."

Muka yi ta lanƙwasa cikin itatuwan zaitun. Can sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Madam, rufe idonki ki shaƙa. Ƙanshin Grasse ke nan ya fara taryen mu."

Ta rufe ido ta shaƙa. Ni da idona yake buɗe ina ganin motar shara a gabanmu, ruwa yana ɗiga daga bayanta.

Ta ce, "Turaren yana da ƙarfi." Sai ta ciro farin hankici ta danne fuskarta da shi.

Hanyar yanken ta ƙare a ƙofar wani gida mai kare. Wata tsohuwa ta fito da sauri, ta ga motar, ta miƙo wasiƙa ta taga.

"Yau ka yi sammako, ɗan nan. Ungo, ta jikata ce."

"Inna, ni na yi ritaya. Yau ma ai hutu ne."

"To me ya kawo ka ƙofata?"

Ya sosa ƙeya. Hannunsa kuma ya riga ya karɓi wasiƙar, saboda shekara talatin da biyar bai taɓa ƙin karɓar wasiƙa ba. Na ce ya tambaye ta hanyar Grasse. Ya harare ni ta madubi.

"Yaya, mai raba wasiƙu ne zai tambayi hanya?"

Da baya muka fito, karen yana raka mu. Da muka dawo babban titi sai ga allo da kibiya, an rubuta Grasse, kilomita goma sha huɗu. Ya dubi agogo, ya ciro ambulan ya soke layin farko.

"Ɗaya."

Na ce, "Allo fa muka gani."

"Allon Grasse ne ko ba na Grasse ba?"

Ƙarfe goma da rabi muka shiga Cannes. Wurin ajiye mota kuwa, ko na keke babu. Ya ce ba komai, daga mota ma an fi ganin dardumar. "Ku shirya, in na ce hagu ku duba hagu. Hagu!" Muka duba hagu, muka ga gefen wata doguwar bas ta 'yan yawon buɗe ido. Ya kewaya shataletale ya dawo. "Hagu!" Bas ɗin tana nan, har ta samu ƙanwa a bayanta. A zagaye na huɗu wani ɗan sanda ya ɗaga hannu, ya sunkuyo ta taga.

"Baba, ɓacewa ka yi ne?"

"Ni? A nan aka haife ni!"

"A shataletalen?"

"Ɗana, lokacin da nake yawo a garin nan ko uwarka ba ta yi wayo ba."

"To Baba, tunda ka san garin, ka san hanyar fita. Ga ta can. In na sake ganinka a nan, ni da kai ne."

Madam ta sake danne fuskarta da hankici, kafaɗunta suna motsi. Na ce a raina, shi ke nan, ya sa baiwar Allah kuka tun kafin a ɗaura. Shi kuwa gogan ya soke layi na biyu.

A hanyar dawowa, muna tafiyar hawainiya, ya nuna wani dogon gini a nesa. "Ganuwar Antibes ke nan. Ta fi shekara dubu. Uku."

Madam ta ce, "Ashe har shanyar kaya ake yi a jikinta."

"Masu gadi ne, Madam. Su ma mutane ne."

To, duk wanda zai je Èze da Monaco daga wannan ɓangaren ta bakin teku, sai ya ratsa ta cikin Nice. Muna kan titin bakin teku, daidai saitin unguwarmu, mota ba ta gaba ba ta baya, na fara kwance kwandon burodi. Sai igwa ta tashi.

Wanda ba a haife shi a nan ba, ba zai gane ba. Kullum sha biyun rana igwar nan take tashi, kuma tun muna cikin zanin goyo jikinmu ya san ma'anarta. Mai aski zai bar kai rabi, masu faɗa za su ajiye faɗan sai an ci an sha. Na ga wuyan Fortuné ya miƙe. Na ga hannunsa ya kunna sigina da kansa.

Na ce, "Fortuné, ga burodi."

"Yaya, mutum ya ci abinci a cikin mota kamar ɓarawo? Da baƙuwa kuma? Minti goma kawai."

Ranar hutu ce, maƙwabta sun jera dogon tebur a inuwar lungu. Muna shan kwana Titin ya miƙe da cokali a hannu.

"Jama'a, ku tafa! Bakwai kafin sha biyu! Yaya kuka baro sarkin Monaco?"

"Uku muka gama. Na tsaya ne don mota ta huce."

"Motar ce ta ce a zuba mata farfesu?"

Titin ya shafa gashin bakinsa, ya ja wa Madam kujera. Minti goman nan ya haɗa da farfesun naman sa, da tumatir da aka cusa wa nama, da soyayyen kifin Titin, da ruwan inabi kofi biyu, da gardama a kan wani jifa da aka yi a wasan ƙwallon ƙarfe shekara goma sha biyu da suka wuce. Daga nan Fortuné ya ce bari ya rufe ido ya tsara hanya a kansa. Na girgiza shi, na zuba masa ruwa a ƙeya, a banza. Madam tana zaune a gefe tana kallonsa yana minshari, hankicin yana bakinta. Na matsa kusa na ce, "Ki yi haƙuri, Madam, zuciyarsa mai kyau ce." Ta ɗaga mini hannu kawai, ta kasa magana. Na ji tausayin ƙanena har cikin raina.

Ƙarfe uku ya farka a firgice. "Wa ya bar ni na yi barci? Ku tashi! Saura huɗu!"

Ƙarfe huɗu muka isa gindin Èze. Allah ya taimake shi wata mota ta fita, ya cusa tasa. Ga matakala tana hawa zuwa ƙauyen, baƙi sun cika ta maƙil. A gefe kuma ga wata 'yar hanyar ƙafa tana gangarawa, da allo a bakinta. Na matsa zan karanta, ya tare gabana.

"Alluna na baƙi ne. Ki duba, duk sun yi sama kamar tumaki. Mu 'yan gari ta nan muke bi, mu zagaya mu ɓullo ta bayan ƙauyen."

"Fortuné, ƙauyen yana sama, hanyar nan ƙasa take yi."

"Sauka take yi don ta hau."

Ba ta hau ba. Muka yi ta gangarawa cikin duwatsu da ƙaya, rana tana dukan mu, ƙauyen yana ƙara nisa a saman kanmu. Igiyar takalminsa ɗaya ta tsinke, ya riƙe shi a hannu. Bayan rabin awa muka haɗu da wani Bajamushe yana hawowa da sanduna biyu, jajir kamar tumatir. Madam da kanta ta tambaye shi inda hanyar ta nufa. Ya ce teku, tashar jirgin ƙasa.

Fortuné ya ce, "Ai na sani. Gwada ku nake yi. Mu koma."

Na zauna a kan dutse na ce, "Gwiwoyin nan shekararsu sittin da takwas. Sauka za su iya, hawa kuwa sai dai ka goya ni yadda na goya ka."

Biyar da rabi ta wuce muka faɗo tashar da take bakin ruwa, mota tana can saman tsauni. Jirgin da ya ce na waɗanda ba su san hanya ba ne, shi ya zo ya kwashe mu. Muka zauna a sanyi, teku shuɗi fes a taga, jiragen ruwa farare a cikin lungun tekun garin Villefranche. Duk yinin nan shi ne abu na farko da muka gani da idonmu. Fortuné ya zauna yana jujjuya takalmin da ya tsinke. Can sai na ga fuskarsa ta canza.

"Yaya," ya ce a hankali. "Akwatin."

Shida da 'yan mintoci muka sauka a tashar Nice. Jirgin Madam yana tsaye, ƙofofi a buɗe. A gabansa kuma ga rabin lungunmu, wai sun zo rakiya. Titin har da kujerar ninkewa. Suka ga Fortuné yana ɗingishi da takalmi ɗaya a hannu, rana ta ƙona masa hanci, babu mota, babu akwati.

Titin ya ce, "Nawa aka samu?"

Na ce, "Allo ɗaya, da gefen bas, da gwiwoyina."

"Ina motar?"

"Tana kallon teku a Èze. Ita kaɗai ce ta ji daɗin yawon."

Aka yi ta dariya har wasu matafiya suka tsaya kallo. Madam ta buɗe jakar hannunta ta ciro tikitinta. Nan muka ga ba akwati ne zai hana ta tafiya ba.

Fortuné ya ciro ambulan ɗin daga aljihu, wasiƙar tsohuwar nan ta biyo shi ta faɗi ƙasa. Ya sunkuya ya ɗauka. Da ya ɗago, ban ga ƙanena mai dafa ƙirji ba, wani tsoho na gani da gumi ya jiƙe sharkaf.

"Madam, akwatinki zan aiko miki, wannan kam na iya. Amma kafin ki hau, gara ki ji daga bakina. Wuraren nan bakwai, ban taɓa zuwa ko ɗaya ba. Lunguna goma sha ɗaya na sani a duniya."

Shekara sittin da huɗu ina jiran ranar da zai faɗi haka, da ta zo kuma ban ji daɗinta ba ko kaɗan.

Madam ta ce, "Na sani, Malam Fortuné."

"Kin sani?"

"Duka bakwai ɗin na gan su tun makon farko. A irin bas ɗin nan da ta tare mana darduma, mai sanyi a ciki. Abin da ka ce ganuwa ce, gidajen haya ne."

Titin ya faɗo daga kujerarsa.

Fortuné ya ce, "To don Allah me ya sa kika biyo ni? Tun safe kina kuka cikin hankici."

"Kuka?" Ta ciro hankicin, ya jiƙe kam. Sai dariyar da ta danne tun daga motar shara ta ƙwace mata, ta riƙe ciki, ta dafa kafaɗata. Da ƙyar ta samu numfashi. "Marigayi mijina a tashar jirgi ya yi aiki. Mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa makara ba, bai taɓa ɓata hanya ba, kuma bai taɓa sa ni dariya ba. Yau tun ƙarfe bakwai haƙarƙarina yake ciwo."

Aka busa usur. Ta miƙa masa tafin hannu.

"Ba ni makullin."

"Madam, motar ai tana kan tsauni."

"Na sani. Gobe za mu hau jirgi, mu hau bas, mu ɗauko ta. Daga gobe kuma ni ke tuƙi, kai ka riƙa bayani."

Ƙofofi suka rufe, jirgi ya ja, tana tsaye da tikiti a hannu ɗaya, makulli a ɗayan. Titin ya matso kusa da ni ya ce, "Yaya Réparate, wannan e ce ko a'a?" Na ce masa ya je ya tambayi jirgin.

Ba mu kai bakin tasha ba na ji muryar ƙanena ta dawo daidai. Ya riƙe hannun Titin yana cewa, "Kai ba ka gane ba ne. Da gangan na bar akwatin a can. Tun jiya na tsara komai."

Yau shekararsu shida da aure. Tun ranar da suka ɗauko motar ba su sake taka ko ɗaya daga wuraren nan ba, ambulan ɗin kuma yana manne a bangon kicin ɗinsu, layi uku a soke. Makon jiya Ghislaine tana taya ni juya socca, sai wani saurayi ya zo da taswira a hannu, jaka a baya, ya ce don Allah ta ina ake hawa dutsen igwa. Ta dube shi da tausayi ta ce, "Ɗana, nemi wani baƙo ka tambaya. Mu 'yan gari ne." Yana buɗe baki zai sake magana, igwa ta tashi. Ta cire gyalen aikinta ta bar shi tsaye da taswirarsa, ta tafi cin abinci.